Sunan Uwar Maigandi

Ni na yi tafinta a ranar, don haka kada wani ya ce ban da hannu a ciki.

Baƙon sunansa Morisawa, mutumin Japan, ɗan tsamurmuri mai furfura. Shekara talatin ya yi yana tsara kiɗan wasannin bidiyo, tun zamanin da na'ura ba ta iya fitar da komai sai ƙi-ƙi-ƙi. Ya yi tashe, sannan yara suka taso suka ture shi gefe. Kamfaninsu ya ba shi dama ta ƙarshe, wani wasa na hamada, shi ya sa ya zo gonar kawuna a Al-Awali, gefen birnin Madina, yana ɗaukar ƙarar ganyen dabino da makirfo mai gashi kamar jelar kyanwa. Kwana biyu bai samu abin kirki ba.

A rana ta uku Maigandi ya hau bishiya. Lokacin ɗaura furen namiji a jikin na mace ne, shi kuwa dattijon, mutumin Dogondutse da ya shekara goma sha ɗaya yana mana aiki, ba ya hawa sai da waƙa. Kullum guda ɗaya ce, waƙar niƙa irin ta mata, mai jan rai a ƙarshen kowane baiti. Morisawa ya daskare a ƙasa, ya ɗaga makirfo, har idonsa ya kawo ruwa.

Da Maigandi ya sauko, baƙon ya ce in tambaye shi waƙar wa ce.

"Ta tsohuwata ce," in ji Maigandi. "Ta rasu ina nan. Takardar fita ba ta fito ba sai da aka yi sadakar arba'in."

Morisawa ya sunkuya har ƙasa, ya ce zai sa sunanta a cikin wasan, duniya ta san ta. Ya zaro alƙalami.

Nan fa ake yin ta. Maigandi mutumin da ne, bai taɓa kama sunan mahaifiyarsa da bakinsa ba, ko a ofishin iƙama, inda ake ba baƙi takardar zama, nuna takarda yake yi. Ya dubi ƙasa, ya dubi ni.

"Yalla ya ammi, faɗi mana," na ce da Larabci-Larabci, wato yi sauri Baba, don rana ta dame ni. "Kabarinta ko alama babu. Wannan ne kaɗai wurin da za a rubuta ta."

Ya faɗa a hankali: "Tasallah." Baƙon bai ji ba. Sai da ya maimaita sau uku, gumi na zubo masa, sannan aka rubuta.

Shekara biyu Maigandi yana tare ni a bakin rijiyar gona. "Mu'azzam, an rubuta?" Har kiran ƙannensa ya yi a gida ya shaida musu cewa sunan Inna ya tafi Japan.

Wasan ya fito, ya karɓu fiye da zato. Aka ba Morisawa lambar yabo, 'yan jarida suka ce tsohon doki ya dawo fage. Na ga hirarsa, yana cewa iskar dabinon Madina ce ta raɗa masa waƙar. Iska! Na ji haushi, amma na haƙura, tunda dai na ga alƙawari bai tashi ba. Ya sa sunan. Sai da na kai ƙarshen wasan na ga inda ya sa shi, daga nan kuma na fara kauce wa rijiya.

Sagiru ne ya fasa ƙwan. Abokin aikin Maigandi ne, ƙato mai 'ya'ya uku a Kano, amma waya ba ta barin hannunsa. Ana hutun azahar a inuwar katanga, Maigandi ya ji waƙar uwarsa tana fita daga wayar, da ganguna da sarewa. Ya ajiye shayinsa ya matso.

"Ina sunan? Nuna mini."

Sagiru ya nuna masa. Wata tsohuwar mayya ce mai faratan ƙarfe, tana niƙa ƙasusuwan matafiya a kan dutse tana waƙa, sunanta rubuce a saman kanta da jan layin ranta a ƙasa.

"Shuf, duba nan Baba, ita ce ta ƙarshe, sai an kashe ta ake cin wasan," in ji Sagiru yana danne-danne. "Kwana huɗu tana ba ni wuya, 'yar banza." Bai san komai ba, ban da Maigandi ni kaɗai na san sunan wace ce, kuma ban buɗe baki ba.

Jan layin ya ƙare. Tsohuwar ta faɗi, waƙar ta yanke a tsakiyar baiti. Sagiru ya yi tsalle.

"Khalas! Na kashe Tasallah!"

Maigandi bai dubi wayar ba kuma, ni ya duba.

"Mutum nawa ke wannan wasan?"

Na so in yi masa ƙarya. Amma bakina ya riga ni: "Miliyoyi, ya ammi."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya ɗauki igiyarsa ya nufi bishiya. Shekara guda ke nan yana hawa yana sauka, ba wanda ya sake jin muryarsa a sama.