Kujerar Mataimaki

Ni na fara ganin abin nan, tun kafin rediyo ta ɗauka, tun kafin 'yan majalisa su fara kumfar baki. Ban yi boko ba, amma shugabannin 'yan sanda nawa na yi wa aski a hedikwatar nan? Duk sun wuce, ina nan da almakashina.

Gidan yana da al'ada: sabon shugaba ba ya zama a kujerar wanda ya gada, tasa yake kawowa. Wannan da aka naɗa bai kawo komai ba. Kujerar baƙi ya jawo, ya ɗosana a bakinta kamar mai jiran mota. Na ce a raina, wannan ba mazauni ba ne.

Abin ya dami Mataimakinsa. Mutum ne mai gudun magana, ritaya ta kusa, burinsa kawai ya fita da mutuncinsa. Da Shugaba ya tafi taro ƙasar waje, sai ya sa kafinta ya yi masa kujera ta gani ta faɗa, don maigidan ya dawo ya tarar da kyauta.

Bai dawo ba. Daga can ya sanar da murabus, ya kashe waya.

Gari ya ruɗe. 'Yan adawa suka ce Minista ya sauka, tunda shi ya kawo mutumin. Minista ya ce daga cikin gida aka yi masa zagon ƙasa. Mataimaki ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya leƙa taga, ya ɗaga waya ya ajiye, shayinsa ya huce a kan tebur. Batun kafinta kuwa ya manta da shi sam.

Minista na tsaye a ofishin Mataimaki yana tambayar wa ya san da maganar tun farko, sai ga kafinta ya turo ƙofa, kujera a ka, ko ledarta ba a cire ba, ya nufi Mataimaki.

"Ranka ya daɗe, ga kujerarka. Ina za a ajiye?"

Minista ya dubi kujera, ya dubi Mataimaki.

"Har ka shirya? Sannu da ƙoƙari."

Mataimaki ya rantse kyauta ce. Minista ya ce kyautar wa, mai ita yana wata ƙasa? Kafin a tashi aiki sanarwa ta fita cewa an gano wanda ya kitsa makircin, an sallame shi. Minista ya tsira da muƙaminsa.

Mai ganin ƙarya nake ya je gidan Mataimaki, kullum yana ƙofar gida yanzu. Ya tambaye shi, in ya isa.