Kwamin Alƙali

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma da akwai wani a gidanmu da zai rubuta wannan, da na bar masa. Na duba, kowa na fama da abin da ke gabansa.

Ina tsaye a ƙofar ɗakin Baba Mai Amalanke, rungume da fulas ɗin ruwan zafin da Umma ta aiko ni da shi, na ji ya sake tambaya.

"Tsohuwa, Alƙali ya sha?"

"Ya sha," in ji Iya, matarsa. Ba ta ɗago daga tsumman da take matsewa ba.

"Ban ji ba."

"Barci ka yi."

"Ni da ban runtsa ba? Tun muna da haƙora ba ki iya ƙarya ba, sai yanzu da suka zube za ki koya?"

Iya ta goga masa tsumman a goshi da ɗan ƙarfi. "Mutum na kwance ba ya iya juya kansa, amma bakin nan bai kwanta ba."

Alƙali jakinsa ne. Baba ya sa masa sunan saboda ba ya ɗaga ƙafa sai ya yi dogon nazari. Tun kafin a haife ni suke jan yashi da bulo tare, har ƙafafun Baba suka kumbura, aka jingine amalanken a jikin katanga. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. A ƙarƙashin tagar Baba akwai kwami, wato doguwar mazubar ruwa da aka fafe daga gungumen itace, gefenta ya yi santsi don gogar haɓar jaki. Kullum da yamma Baba zai cika shi, ya tsaya ya yi wani fito mai sauka a hankali, Alƙali ya sa baki. Daga ɗakinmu ma ana jin zuƙar.

Yanzu kuwa ba a ji. Ni na san dalili, kowa a gidan ya sani. Ciwon Baba ya kai inda ake canza masa zanen gado safe da yamma. Bahon Iya ya tsage, bayanta kuma ba ya son sunkuyo. Sai ta ga kwamin nan a ƙofarta, mai faɗi, mai tsayi daidai gwiwa, ta jiƙa zannuwan a ciki da garin sabulu da ruwan maganin nan mai warin asibiti. Ta ɗauraye shi sosai, na gani da idona. Amma itace ne, ya riga ya sha. Alƙali ya zo ya sansana, ya ja da baya. Aka ba shi a bokiti ya kau da kai, don bokitan gidan duk warinsu ke nan. Sai dai ya lashi jiƙaƙƙiyar ƙasar gindin famfo, ya koma inuwa ya tsaya, cikinsa na ta shigewa.

Masu zuwa duba Baba, in sun fito, a bakin kwamin suke cin burki.

"Irin wannan muke kwaɓa fulawa a ciki a da," in ji Mai Burodi, yana ƙwanƙwasa gefen da yatsa. "Yanzu ko da kuɗinka ba ka samu."

"Fulawa a inda jaki ya sha ruwa?" in ji Mai Wanki. "Ashe shi ya sa burodinka yake harbi. Wannan na jiƙa kaya ne, ga Iya nan ta gwada."

Kafinta ya ce in aka kifa shi aka yi masa ƙafafu, benci ne na mutum huɗu. Har Umma, da muna wanke-wanke, ta ce ƙasa-ƙasa, "Da za a huda gindinsa a zuba taki, da mun huta da sayen alayyafo."

Sun manta tagar a buɗe take.

"Ku bari in tafi tukuna mana!" Muryar Baba ta fito a shaƙe. "Kwami ɗaya, kowa da abin da yake hangowa a ciki. Jakin ne kaɗai yake ganin ruwa."

Kowa ya tuna yana da aiki.

Ranar da na kawo fulas ɗin, Iya ta fita shanya, ya rage daga ni sai Baba. Ɗakin na warin man zafi da zufa. Na ajiye zan gudu, ya ce, "Malama." Haka yake kirana, don bai taɓa ganina ba littafi a hannu ba. "Ke ba kya ƙarya. Ba kya ma magana, balle ƙarya. Ya sha?"

Na kalli siminti. Na girgiza kai.

"Me aka zuba a ciki?"

"Sabulu," na ce. Da ƙyar ni kaina na ji.

Ya rufe ido ya daɗe. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce, "Zannuwana ne. Baiwar Allah, bayanta ya ƙare." Ya nisa. "Kada ki nuna mata na sani. Akwai sauran yashi a amalanke. Ki kwashe ruwan, ki dirje shi da yashi har sai itacen ya yi fari, ki bar shi ya sha rana, sannan ki cika. In kin cika ki yi masa fito."

"Ban iya fito ba, Baba."

"Duk littattafan nan, babu inda aka koyar?"

Na ce babu. Ya yi dariya, dariyar ta zama tari.

Ina durƙushe ina dirza, yashin na cin tafin hannuna, inuwar Iya ta faɗo cikin kwamin.

"Shi ya sa ki?"

Na ci gaba da dirza. Ta tsaya riƙe da ƙugu, ta kalli tagar, ta kalle ni. Sai ta naɗe hannun rigarta ta ɗebi yashi, ta kama ɗaya gefen. Haka muka yi ta dirza har muka gama. Da ta miƙe sai da ta dafa kafaɗata, na ji nauyinta duka a kaina.

Da yamma muka cika shi. Alƙali ya zo, ya saukar da kai, ya hura ruwan har ya yi rawa. Ya tsaya yana jira. Na tsuke baki na hura, iska kawai ta fito da yawu. Mai Burodi ya ce a matsa masa, ya sa yatsu biyu a baki ya saki irin fiton da ake tsayar da mota. Alƙali ya zabura ya koma bayan amalanke.

"Ku ɗaga ni," in ji Baba daga ciki.

Kafinta da Mai Wanki suka tallabe shi zuwa taga. Ya kama ƙarfen da hannu biyu. Leɓensa duk sun tsage. Ya tsuke su, ya gwada, ya lasa, ya sake gwadawa. Ba abin da ya fito sai numfashi. Amma kunnuwan Alƙali suka miƙe. Ya tako, ba nazari wannan karon, ya zagaye kwamin, ya ɗora hancinsa a ƙarfen tagar. Baba ya shafa shi da bayan yatsu.

"Ba ni na kira ka ka gani ba, shashasha. Ruwa za ka sha."

Bai sha ba. Hannun Baba ya saki ƙarfen, aka mai da shi gado.

Washegari da hantsi na sake kawo fulas. Numfashinsa ya canza, yana ja yana tsayawa. Iya na zaune a gefen gadon, kansa a cinyarta. Ya motsa baki, ta sunkuya.

"Ya sha?"

Na ga ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta saba. Sai ta fasa.

"Bai sha ba, Malam. Amma zai sha."

Ya ɗan gyaɗa kai, kamar wannan amsar ta fi masa daɗin ji. Kafin rana ta take ya cika.

Abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi da kyau ba. Takalma sun cika ƙofa, ana ta aikena, kawo tabarma, kai kofi. Mazan suka fita da shi. Matan suka cushe a ɗakin Iya da namu, kukan ya lafa ya koma hira ƙasa-ƙasa. Tsakar gida ta zama ba kowa. Ni na raɓe a bayan amalanken, don ba na son a ga fuskata.

Daga nan na ga Iya ta fito ita kaɗai, ba takalmi, idanunta sun kumbura. Ta zauna a bakin kwamin, ta tsame wani ganye da ya faɗa ciki. Alƙali na tsaye a ƙarƙashin tagar, inda ya kwana.

"Zo nan, kai ma ka ishe ni," ta ce.

Bai motsa ba.

Ta waiga ta tabbatar ba mai kallo. Ta goge bakinta da gefen mayafi, ta tsuke leɓe. Na farko iska ce. Na biyu ya fito siriri, yana rawa, ya karye a tsakiya. Ta ja numfashi ta sake. Bai yi daɗi ba, amma shi ne: yana saukowa a hankali, har da ɗan tsayawar da Baba yake yi kafin ƙarshe. Ban san ta iya ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Alƙali ya juyo da kunne ɗaya. Ya yi nazarinsa. Sannan ya tako ya saukar da kai, na ji zuƙar ta fara, doguwa, maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Iya ba ta daina fiton ba, hannunta a kan wuyansa, ruwan na ja da baya yana barin jiƙaƙƙen layi a farin itacen.

Na cire silifas ɗina na riƙe a hannu, na bi jikin katanga zuwa ɗakinmu.