Tukunya Ɗaya a Gidan Bene

"Sun gama da ƙasa, Baba, ga su nan tafe," in ji Maman 'Yan Biyu, tana leƙe ta ƙofar matakalar baya.

Baba Direba ya rungumi tukunyar kashe gobara kamar jariri, ya kama hawa. Tsohuwar dabara ce a gidan hayar nan. Doka ta ce kowane hawa da tukunyarsa, shi kuwa mai gidan guda ɗaya tal ya saya. Duk ran da 'yan duba-gari suka zo, da zarar sun gan ta a rataye sun shiga duba ɗakuna, sai a sulale da ita ta baya a kai hawa na gaba kafin su iso. Ba don ƙaunar mai gida 'yan haya ke yin haka ba, Allah ya sani. In aka rufe gidan, ina za su? Ita kanta Maman 'Yan Biyu daga ita sai yaranta, miji ya rasu, kuma babu inda za ta sami ɗaki kusa da makarantarsu.

"Baba, kawo na taya ka. Tun jiya kake dafe ƙirji."

"Ni da na ƙare ƙuruciya ina cicciɓar tayar babbar mota, wannan 'yar kwalbar ce za ta gagare ni? Je ki tsare ƙofa."

Matakalar baya babu fitila, ga warin danshi, ga siminti duk ya zaizaye. Ya taka matakan farko lafiya. Ya kai tsakiya yana haki. Daga nan ta daina jin takunsa, ta bi shi da gudu.

Ta same shi zaune a kwana, ya jingina da bango, hularsa a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Bari na kira mutane."

"A'a, 'yata." Ya turo mata tukunyar da ƙafa. "Kai ta sama tukuna. Numfashi kawai nake mayarwa."

Ta dube shi, ta dubi sama. Tana jin muryar wakilin mai gida ta bayan bango, yana ta zuba wa baƙin surutu don ya ja lokaci. Ta sunkuci abar. Kai, ashe haka take da nauyi? Ta hau, ta rataye ta a ƙusa, ta goge ƙurar jikinta da bakin mayafi, ta sauko da sauri.

Yana nan yadda ta bar shi, sai dai kansa ya langaɓe a kafaɗa. Ta kira shi, ta sake kira. Ta durƙusa ta kama hannunsa, da sauran ɗumi. Baƙin ciki ya kama ta, don ta san tsohon nan shi kaɗai ya cika, a cikin duhu, tana can tana goge ƙarfe.

Hasken tocila ya faɗo a kansu. Babbar 'yan duba-garin ce, wata dattijuwa mai tabarau, wakili na biye da ita yana cewa ai nan ba a bi. Matar ta tsuguna, ta taɓa wuyan tsohon, ta rufe masa ido.

"Allah ya jiƙansa. Baiwar Allah, me ya kawo dattijo kamar wannan cikin duhun nan?"

Wakili ya kafe Maman 'Yan Biyu da ido. Ta tuna ɗakinta, ta tuna yaranta.

"Tukunya yake kaiwa sama, Hajiya," ta ce. "Ɗaya ce a duk gidan."

Aka ba 'yan haya wa'adi su tashi har sai an gyara. Wasu maƙwabta sun daina amsa gaisuwarta, ba ta ga laifinsu ba. Ran da za ta fita, kaya na kan mota, yara na jiranta, ta hango rigar Baba a igiyar shanya, ta bushe tuni, ba wanda ya kwashe. Ta cire ta, ta ninke, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa da aka garƙame, rigar a hannunta.