Lambar Yaya

Shekara talatin da ɗaya Auta ya yi yana ɗinkin katifa a kamfani guda. Da kamfanin ya rufe, sai ya samu wani shagon kujeru a bayan tashar mota, inda ake neman wanda ya iya jan yadi a kan soso ba tare da ya tattare ba. Maigidan ya ba shi kujera ɗaya gwaji. Da Auta ya gama, maigidan ya zagaya ta sau biyu, ya danna nan ya danna can.

"Ka samu aiki," in ji shi. "Hau sama wurin sakatariya ta yi maka rajista. Ni ba na ɗaukar mutum sai da lambar inshorar ma'aikata."

Ofishin ɗan tsukut ne, fanka na kaɗa ƙurar soso, ƙarar guduma na tasowa daga ƙasa. Sakatariyar sa'ar 'yar Auta ce, ga ta da surutu. Ya zaro katinsa daga leda, duk gefensa ya cinye, ya miƙa mata. Ta buga lambar a kwamfuta, sai ta fashe da dariya.

"Kai, Baba! Ashe an yi samartaka. Zo ka ga kanka. Bana suka kwashe tsofaffin fayil suka zuba a ciki, har da hotuna."

Ta juyo masa da allon. Auta ya duba. Yayansa ne. Ga wuyan rigar da ya yi masa yawa, ga tabon nan a gira, wanda shi Auta da hannunsa ya yi masa da murfin tukunya suna yara. Ba su da hotonsa ko ɗaya a gida. Ya daɗe yana ƙoƙarin tuno fuskar, ta ƙi zuwa, yau ga ta tana kallonsa ido cikin ido.

Yaya yana da shekara goma sha tara ya yanki katin nan, saura mako guda ya fara aiki a kamfanin katifa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana huɗu ya yi, ya cika. Mahaifinsu ya riga ya rasu, gida ba mai nema. Auta lokacin shekararsa goma sha biyar, amma dogo ne. Inna, mahaifiyarsu, ita ta ɗauko katin daga aljihun wandon mamacin ta sa masa a tafin hannu. Katin babu hoto a jiki, ba wanda ya tambaya. Tun daga ranar, a takarda Yaya ne ke zuwa aiki kowace safiya, shi ake yi wa ƙarin girma, shi ya karye a hannu aka kai asibiti.

"Baba, lafiya?" in ji sakatariya. Ta dubi allon, ta dubi girarsa, dariyarta ta ɗauke.

Da ya ce tabon ya baje, da ta yarda. Amma bakinsa ya ƙi yin ƙarya a gaban fuskar.

"Ba ni ba ne, 'yata. Wana ne. Ya rasu."

Ta sauka ta kira maigida. Maigida ya saurara har ƙarshe yana sosa ƙeya.

"Da wannan lambar ba zan iya sa ka ba, ni za a kama. Je ka ofishin inshora ka gyara. Zan riƙe maka gurbin mako biyu, don hannunka ya yi mini."

Kafin ya fita, sakatariya ta buga masa hoton a takarda. Yana saukowa sai ya ji kamar takun wani a bayansa, ya waiga, ba kowa. Duk da haka ya raɓe jikin bango kamar mai ba babba hanya.

Ya tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinta tana shan hantsi. Idonta ya yi rauni, sai dai ta gane mutum da tafiyarsa. Ya durƙusa ya gaya mata komai.

"To in an gyara, me za a yi wa lambarsa?"

"Rufe ta za a yi, Inna."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Duk shekara in wasiƙar 'yan inshora ta zo da sunansa, nakan sa ta ƙarƙashin matashi," ta ce. "Na san ba ya nan, ba hauka nake ba. Amma nakan ce, ai ga shi wani wuri ana lissafawa da shi." Ta share ido. "Ni na sa maka katin a hannu. Tare za mu je."

Sau uku suka je. An sa Auta ya rubuta bayani, an sa Inna ta dangwala yatsa. Jami'in ya ce maganar shekarun da ya yi aiki sai kwamiti ya zauna, kuma bai yi masa alkawarin komai ba. Da ya tambayi ranar rasuwa, Auta ya fara lalube, Inna ta faɗi rana da wata da shekara ba gargada. Jami'in ya danna wani abu, hoton ya ɓace daga allon. Auta ya ji kamar ranar da suka dawo daga maƙabarta.

A motar komawa Inna ta karɓi takardar hoton, ta kai ta dab da hancinta, ta kasa gani.

"Murmushi yake yi?"

"A'a, Inna. Ya ɗaure fuska, kamar ranar da na sa takalminsa ban tambaya ba."

Ta yi ta dariya har hawaye ya zubo, mutanen cikin mota suna waigowa.

Ranar Litinin sakatariya ta yi masa rajista da sabuwar lamba. Da ta zo gurbin da ake rubuta ayyukan da mutum ya taɓa yi, ta ɗago ta dube shi, ta bar wurin ba komai. Auta ya sauka, ya sa rigar aiki, ya ɗauki almakashi ya fara yankan yadi.