Takardar Kwana Uku

Tun da annoba ta kwantar da Direba sati biyu ta sake shi, numfashinsa bai koma daidai ba. Mutumin da ke yini a kan sitiyarin bas yana kiran fasinja da bakinsa, yanzu daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya dafa bango ya huta. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, ita ta rufe keken ɗinkinta ta ce likita za su gani, ko yana so ko ba ya so.

To, ganin likitan ne aiki. Lokacin da annoba ke kan ganiyarta, asibitin ya kafa doka: mai tari ko sarƙewar numfashi ba zai ga likita ba sai da takardar gwaji da ta nuna ba ya ɗauke da cutar, kuma takardar kwana uku kacal take aiki daga ranar da aka zura masa tsinken audugar nan a hanci. Annoba ta lafa, an buɗe makarantu da kasuwanni, amma doka tana nan daram, ba wanda ya tuna ya cire ta. Ɗakin gwaji kuwa sai a rana ta ukun yake fitar da sakamako. Ka ga ke nan rana guda gare ka. In layi bai zo kanka ba, sai ka koma a sake zura maka tsinke.

Sau biyu hakan ta same su. Duk biyun kuma mace ɗaya ce ta mayar da su, mai ba da kati da ke zaune bayan taga, 'yar siririya mai tabarau, wadda ba ta ɗaga kai in tana magana. "Ta daina aiki tun jiya, Mama. Sai an sake." Maman 'Yan Biyu ta tsane ta, tsana ta haƙiƙa.

Ranar da takarda ta uku ta fito, da sassafe suka iso, sai suka tarar asibiti ya zama wani wuri daban. An shafe bango da fenti, har warinsa na sa Direba tari. An jera tukwanen furanni da ba a san inda aka aro su ba. Bencinan jira kuwa wayam, an goge su suna ƙyalli. Wai kwamitin majalisa ne zai zo ya duba yadda asibitoci suka farfaɗo bayan annoba. Shi kuwa shugaban asibiti, a ganinsa alamar farfaɗowa ita ce kada baƙi su ga mara lafiya ko ɗaya. Aka kwashe masu jira kaf aka kai su lungun baya, kusa da ɗakin wanki, aka ce likita zai zaga da baƙi, wanda bai iya jira ya dawo gobe.

"Gobe takardarmu ta mutu," in ji Maman 'Yan Biyu a bakin taga.

"Ku je baya ku zauna," in ji mai kati, idonta na kan rajista. "Kada ku tafi."

"Mu zauna mu yi me? Mu taya su wanki?"

Ta koma lungu tana huci, ta tarar Direba zaune a kan bokiti da aka kife, ya jingina da bango, leɓensa ya yi duhu.

"Mu koma gida kawai," ya ce da ƙyar. "Hancin nan nawa ya saba."

"Ka yi shiru, Baban yara. Numfashin da za ka yi wasa da shi ka adana."

Dariya ya so yi, tari ya ƙwace. Ta riƙe kafaɗarsa, tsoro ya kama ta, don ba ta taɓa ganin ƙirjinsa na hawa da sauka haka ba.

Wajen sha ɗaya suka jiwo motoci, da tafi, da muryar shugaban asibiti yana zuba bayani. Can sai ga takun takalma ya doso lungun. Mai kati ce a gaba, bayanta wata dattijuwa mai sanda, ƙirjinta maƙale da alamar majalisa.

Dattijuwar ta ja ta tsaya. Ta dubi mutum kusan arba'in, wasu a ƙasa, wasu kan kwandunan wanki.

"Ni banɗaki na tambaya," ta ce wa mai kati. "Waɗannan fa?"

"Marasa lafiya ne, ranki ya daɗe."

"Yanzun nan aka ce mana babu layi a asibitin nan."

Maman 'Yan Biyu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta zaro takardu uku daga jaka, ta shimfiɗa su a kan tebur na guga.

"Hajiya, ki duba da kanki. Ga ranar da aka ɗauka, ga ranar da ta fito. Kwana nawa ya rage wa mutum?"

Dattijuwar ta sa yatsa tana bin kwanakin, takarda bayan takarda. Ta ɗago ta kalli Direba, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce wa mai kati, "'Yata, kira min sauran 'yan kwamiti. Ki ce su zo da likita da shugaban asibiti. A nan za mu yi zaman."

A nan ɗin kuwa aka yi, tsakanin zanin gado da sabulu. Tambaya ɗaya dattijuwar ta riƙa maimaitawa: wa ya kafa dokar, yaushe aka sake duba ta? Shugaban asibiti ya share gumi ya fi sau goma. Shi likita, bawan Allah, bai jira a gama ba. Yana ɗora abin awo a ƙirjin Direba ya ce a kawo keken marasa lafiya. Da aka yi masa hoto, aka gano jini ne ya daskare a huhunsa, kuma akwai maganinsa in an kama shi da wuri. Kafin azahar an ba shi gado, an sa masa iska, an cire takardar dokar daga jikin taga.

Sai da Maman 'Yan Biyu ta ga leɓen mijinta ya washe, ya yi barci ba tari, sannan ta fito. A hanya ta lura banɗakin baƙi yana dab da ofishin shugaba, taku biyar daga inda kwamiti ya tsaya. Lungun wanki kuwa can ƙarshen gini yake. Ta tsaya cak, kunya ta rufe ta.

Ta isa taga. Mai kati na tattara rajista.

"Ƙanwata," in ji Maman 'Yan Biyu. "Na zage ki a zuciyata ba adadi. Ki yafe min. Allah ya saka miki da alheri, ya rufa miki asiri."

"Amin, Mama. Hanya kawai na ɓata."

"Ba za su kore ki ba?"

"An ce in zo ofis gobe. Ko me za su yi, su yi."

"To me ya sa kika ɗauki wannan kasada a kanmu? Ba ki san mu ba."

Mai kati ta cire tabarau ta goge da gefen hijabinta, ta dube ta ido cikin ido.

"Bara mahaifina ya tsaya inda kike tsaye. Ni na duba takardarsa, na ce masa sai an sake. Bai kai ga gwaji na gaba ba, ya rasu." Ta mayar da tabarau. "Je ki wurin mijinki, Mama. In ya farka zai neme ki."