Tsintsiya Kafin Zarto

A tsakiyar falo suka ɗora ta, bisa teburin gilashi, har da shimfiɗa mata farin ƙyalle. 'Yar kujera ce mai ƙafa huɗu, amma uku ne kawai suke taɓa teburin, ta huɗun tana lilo a sama. Tsohon kafinta ya zuba mata ido. Shekararsa hamsin yana sarrafa katako, bai taɓa ganin an wulaƙanta icce haka ba.

"Baba, jikanka ne ya yi ta da hannunsa," in ji ɗansa, ma'aikacin ofis, yana washe baki kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. "A sansanin hutu."

"Na gani. Wanda za a ɗora a kanta, laifin me ya yi?"

Surukarsa ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗauko takarda mai ƙyalli da hotunan yara suna dariya, ta shiga karanta masa amfanin wurin: dogaro da kai, zama da jama'a, cire tsoro, koyon aikin hannu. Tsoho ya saurara yana cije leɓe. Ashe yanzu sai an sa yaro a mota an kai shi bayan gari, an danƙa shi ga baƙi masu hula iri ɗaya da usur a wuya, kafin ya iya wanke wandonsa. Sati uku yana kwana a tanti, yana ɗebo ruwa a bokiti, ana tafa masa. Wahalar da talaka ke roƙon Allah ya raba shi da ita, ita masu hali suke yi wa 'ya'yansu rajista.

Ba wannan ne ya fi ci masa rai ba. Hutu uku a jere yana roƙon a ba shi yaron ya riƙa wuni a shagonsa. Surukar ta ce akwai ƙusa, akwai ƙura, yaron yana da atishawa. Ɗan nasa ya ce sai dai wani hutun. Rijiya tana tsakar gida, suka tafi sayen ruwa a kasuwa. Don haka ne ma tsoho ya raɗa wa jikan Ɗan Ƙwai, saboda yadda ake tallabe da shi. Shekararsa goma sha ɗaya, amma in baƙo ya yi sallama sai ya ɓuya a bayan uwarsa, in aka tambaye shi sunansa ita ke amsawa.

Sai ga Ɗan Ƙwai ya shigo. Ya yi baƙi, ya ɗan rame, ga tabon yanka a babban yatsansa. Bai nemi bayan kowa ba. Ya durƙusa ya gaida kakansa da murya a sake.

"Kaka, ka ga kujerata? Na san tana rawa. Ƙafar nan ce na wuce layi."

"To, madalla, ka san ciwon. Wa ya ba ka zarto?"

"Malaminmu."

"Allah ya shirye shi."

Yaron ya yi dariya, sannan ya juya wajen uwarsa. "Mama, saura sati biyu a koma makaranta. Ina so in riƙa zuwa shagon Kaka."

Uwar ta fara lissafa ƙusa da ƙura, yaron ya ce mata a sansani ma akwai su kuma ga shi ya dawo da ƙafafunsa biyu. Ta dubi mijinta, mijin ya dubi silin. Daga ƙarshe ta ce gobe kaɗai, a gwada. Da azahar za ta zo ɗaukarsa, in ya ce ya ishe shi, an rufe maganar har abada.

Tsoho ya tashi yana kaɗe riga, fuskarsa a murtuke. Sai da ya fita bakin titi sannan ya saki fuska.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, tsakanin wani tela da mai gyaran rediyo. Kayan aiki suna rataye a bango, kowanne da ƙusarsa, kuma an zana siffarsa da fensir don kada wani ya ɗauki wurin wani. Tsoho yana da ƙa'ida wadda shi ma a kanta ya tashi: mai koyo ba ya taɓa zarto sai ya shekara yana shara, yana miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi. Mai shara ne yake sanin inda komai yake, mai miƙar da ƙusa kuma shi ke sanin darajarta.

Da safe aka sauke yaron. Tsoho ya miƙa masa tsintsiya da gwangwanin ƙusoshi ba tare da dogon bayani ba.

Ya zaci zai ga ɓata fuska. Yaron ya naɗe hannun riga, ya yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ya share har ƙarƙashin benci. Ya zauna a kan dutse da ƙaramar guduma. Sau biyu yana dukan yatsansa, ya tsotse ya ci gaba. Da wata mata ta zo tambayar ƙofar da ta ba da aiki, shi ya tashi ya ba ta wurin zama. Tsoho yana kallo ta wutsiyar ido, yana cewa a ransa duk wannan rawar kai ce ta 'yan usur, kwana biyu za ta sake shi.

Wajen hantsi gwangwani ya cika da miƙaƙƙun ƙusoshi.

"Kaka, na gama. Yaushe zan yi yanka?"

"Baɗi war haka."

"Baɗi?"

"Sannu ba ta hana zuwa. Ni da kake gani sai da na shekara biyu da tsintsiya."

"A can ranar farko aka ba mu zarto."

"Shi ya sa kujerarka take ɗingishi. Can wasa ake yi, nan aiki ake yi. Masu koya muku ɗin, ka taɓa ganin an kwana a gadon da suka haɗa?"

Yaron bai yi kuka ba, bai kuma tura baki ba. Ya ce, "To." Ya jingina tsintsiya a inda ya ɗauke ta, ya wanke hannu, ya zauna a bakin rumfa yana kallon hanya.

Tela, wanda suka shekara talatin suna tsokanar juna, ya tsayar da kekensa ya leƙo.

"Kafinta, har yanzu tsintsiyar nan tana da rai? Ai na gane ta. Da ita ka share ubansa daga shagon nan."

"Kai dai ji da ɗinkinka. Wandon da ka yi mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafarka ce ta fi ɗaya. Wata tara ɗan naka yana shara yana kallon bango, ka ce saura uku. Yau ga shi can yana danna na'ura a ofis. In ka mutu, ni dai kada a ce in sayi zartunan nan, ba ni da wurin ajiya."

"Wanda ya kasa haƙurin shekara ɗaya ba kafinta ba ne."

"To ai shi ke nan. Ka yi gaskiya, sai ka zauna da ita ta taya ka hira."

Keken ɗinki ya ci gaba da ƙara. Tsoho ya koma kan ƙofar da yake haɗawa, ya buga ƙusa ta lanƙwashe, abin da ya manta rabon da ya same shi. Ya cire ta yana tsaki. Zamani ya lalace, yara suna son su yi gudu kafin rarrafe, manya kuma suna biye musu. Haka ya yi ta faɗa wa kansa har inuwar rumfa ta tattare.

Motar surukar ta tsaya a bakin hanya. Ba ta fito ba, ba ta kuma kashe injin ba. Ta sauke gilashi ta gaida shi, sannan ta dubi ɗanta, ta dubi tsintsiyar da ke jingine.

"Yaya, sarkin aiki? Za ka dawo gobe?"

Yaron ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Ya dubi kakansa, ido cikin ido, irin kallon da a da ba ya iya yi wa ko mai sayar da biredi.

Tsoho ya ja dogon tsaki. Ya juya wajen bango ya ciro ƙaramin zarto, ya jawo guntun katako ya ja masa layi da fensir, ya danne shi a kan benci.

"Zo nan, Ɗan Ƙwai. Nuna mini shirmen da aka koya maka, in san iyakar ɓarnar."

Yaron ya karɓa. Riƙon ma ba daidai ba ne. Tsoho ya buɗe baki zai daka tsawa, sai ya haɗiye, ya kama yatsan yaron na nuni ya miƙar da shi a gefen mariƙin. Zarto ya fara ci, yana tsalle, yana kuka. Da guntun ya faɗi, tsoho ya ɗauka ya ɗaga shi sama yana juyawa. Yankan ya bar layi da kusan faɗin yatsa.

"An yi asarar katako," in ji shi. "Ɗauko wani."

A bakin hanya, surukar ta kashe mota.