Ba Tonton Ba Ne, Baba Ne

Salisu yana da wani ɗan aibi da shi kansa ba ya musu a kai: ba ya iya jin kuskure a bakin mutum ya bar shi ya wuce. A biro, wato ofishin inshorar da yake aikin ƙididdiga a Paris, ya taɓa gyara wa shugabansa Faransanci, mutumin da aka haifa a Nantes. A gida kuwa Hausar yara ce gonarsa. Ranar da 'yarsa Raihana ta fara kiran amininsa Chaibou da "Tonton", wato kawu a Faransanci, sai da ya ajiye cokali.

"Tonton na Nasara ne. A wurinmu abokin uba, uba ne. Ki ce Baba."

"To kai fa?"

"Ni ma Baba."

"Ku biyu?"

"Da a Damagaram muke, da mun kai goma."

Yarinya ta ɗauka, ƙanenta Affan ya taso ya tarar ana yi. Salisu ya ji daɗin wannan nasara fiye da ranar da ya karɓi digirinsa.

Yanzu shekara biyu ke nan da rabuwarsa da uwar yaran, Sahadatou. Saki ɗaya ne, a kan wata magana da sai ya yi dogon tunani kafin ya tuna mafarinta. Ta sami aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Lyon, ta kwashi yara ta tafi, shi ya zauna a Montreuil, gefen Paris, da ɗaki biyu da tukunya ɗaya. Yana son ta dawo. Wannan kowa ya sani, har mai naman unguwar Château Rouge da ke gaishe shi da "ya haƙuri". Idda ta daɗe da cika, abin da ya rage sai kome, sabon ɗaurin aure, amma shi biko yake kiran abin. Kuma a ganinsa babban mutum ba ya zuwa biko da ƙafarsa. Aike ake yi, a tura mai nauyin baki. Allah ya taimaka Chaibou a Lyon yake, yana koyar da lissafi a lise, wato sakandare, tuzuru mai gilashi, wanda suka kwana ɗaki ɗaya shekara huɗu a jami'ar Yamai.

Duk Lahadi Chaibou yana kawo rahoto ta waya.

"Ana kai, Malam Salisu. Ƙarfe ne, a hankali ake lanƙwasa shi."

Mako uku da suka wuce dabara ta faɗo wa Salisu. Wata abokiyar aiki ta ba shi labarin wani shago inda yara ke haɗa nunus ɗinsu da kansu, wato irin dabbobin wasan nan masu laushi da suke runguma. Ana cusa musu auduga a gaban idonka, kuma ana iya saka wata 'yar na'ura a ciki mai ɗaukar murya ta daƙiƙa goma. Sai ya ga hanya: yara su koma gida da nunus, uwa ta matsa cikinsa, ta ji. Kwana huɗu ya yi yana rubutu yana sokewa. Da ya gama ya kira Chaibou ya karanta masa, har da gyaran murya:

"Sahadatou, tuwo ya huce, amma tukunya da sauran zafi. Ki buɗe mini ƙofa. In ta yi nauyi, ko taga ma ta isa."

Chaibou ya ce:

"Malam, kai da girmanka? Mace mai digiri biyu za ka tura wa dabbar auduga ta yi mata magana? Bar wannan. Bar mini aikina."

Salisu ya ce to. Amma takardar ba ta bar aljihun kwat ɗinsa ba, kuma ranar Asabar ɗin da yara ke hannunsa ya hau jirgin ƙasa na safe zuwa Lyon da ita, bai gaya wa kowa ba.

Kamar kullum, ya danna ƙararrawa daga ƙasa, aka turo masa yaran ta asansar, na'urar hawa da sauka a bene, Raihana mai shekara takwas riƙe da hannun Affan mai biyar. Su suna yi masa Faransanci, shi yana amsawa da Hausa, haka aka saba. Ya ce musu yau akwai abin mamaki. A babbar kasuwar da ke gefen tashar Part-Dieu, su ne suka shige gaba. Suka hau bene na biyu, suka karya dama, ba wanda ya nuna musu. Salisu yana biye yana cewa a ransa, yaran zamani hanci gare su.

Shagon cike yake da fatun dabbobi marasa ciki, an jibge su a kwanduna kamar fatun layya a ƙofar masallaci, sai dai waɗannan murmushi suke yi. A tsakiya akwai wani inji mai gilashi, auduga tana ta juyi a ciki. Suka zaɓi wani nunus mai ruwan ƙasa. Wata budurwa mai aiki a wurin, da suna Inès maƙale a ƙirjinta, ta juyo ta gan su ta buɗe hannu.

"Raihana, Affan, kun dawo. Yaya zomo? Yana nan yana magana?" Sannan ta dubi Salisu da fara'ar sana'a. "Bonjour monsieur. Kai ne tonton ɗinsu?"

"Ni ne ubansu."

Inès ta dubi yaran, ta dube shi, ta dubi fatar da ke hannunta.

"Pardon. Na ɗauka wancan monsieur mai gilashi ne. Baba suke ce masa, na tambayi yarinya ma'anar kalmar ta ce papa."

"Ai haka ka ce," in ji Raihana.

Haka ya ce, ba ƙarya. Ya gyara tsayuwa ya tambaya, da muryar da yake tambayar farashin albasa, yaushe suka zo. Asabar ɗin da ta wuce. Zomon wa? Na Maman.

Inès ta zura bakin bututu cikin fatar. Affan ya taka abin takawa tun kafin a ce masa ya taka, fatar ta fara kumbura, ƙafa, ciki, kai. Aka miƙo musu wata 'yar zuciyar ƙyalle ja. Suka murza ta a tafin hannu, suka sumbace ta, suka rufe ido suka yi buri, duk a jere kamar masu alwala. A wata rana da Salisu ya yi magana a kan bidi'a. Yau sai ya durƙusa kusa da ɗansa.

"Zomon me yake cewa?"

"Hausa yake yi. In ka matsa cikinsa." Affan ya ƙanƙance murya, ya yi ta ƙasa-ƙasa irin ta malamin lissafi. "Sahadatou, tuwo ya huce, amma tukunya da sauran sanyi."

"Zafi," Salisu ya ce. "Da sauran zafi."

Sai da gyaran ya fita daga bakinsa sannan kunnensa ya ji abin da ya gyara.

"In ta yi nauyi ko taga ma ta isa," Affan ya ƙarasa, yana jiran a yaba masa.

Raihana ta take ƙafar ƙanenta. "On avait dit secret," ta ce masa da Faransanci, wato ai mun ce sirri ne.

"Ke ma kin sani?"

Ta sunkuyar da kai tana jan kunnen nunus. "Baba Chaibou ya ce shi zai gaya maka da bakinsa. Wai haka ake yi a Damagaram."

"Mamanku ta ce me?"

"Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa," in ji Affan. "Sannan ta yi kuka kaɗan. Sannan ta sake matsawa. Yana kan gadonta, an hana ni taɓa shi."

Salisu ya ce wa Inès minti biyu. Ya fita ya tsaya a bakin shagon, tsakanin mai sayar da turare da mai sayar da takalma, inda yake hango yaran ta gilashi. Ya kira Chaibou. Da yake dukansu 'yan gidan mutunci ne, sai da suka gaisa. Ya gida, ya aiki, ya ɗalibai, ya sanyin bana, ya labarin mutanen gida. Duka lafiya lau.

"Ina shagon nunus," in ji Salisu.

Aka ji ƙarar ajiye kofi.

"Da na ce Lahadin nan zan gaya maka."

"Amana na ba ka, Chaibou."

"Ka ba ni, kuma na kai. Allah shaida, na zauna a kujerar nan tata ina yabonka har ni ma na fara yarda. Tana zuba mini shayi tana saurare. Wata da watanni, Malam. Mutum ba dutse ba ne."

"Ni na ba kura ajiyar nama."

"Kurar ma ta yi shekara biyu tana azumi. Ka rubuta mata wannan a littafinta."

Salisu ya so ya yi ashar, ya tarar duk waɗanda ya sani tare suka koye su. Ta gilashi ya ga Raihana tana gwada wa nunus wata 'yar riga, tana satar kallonsa.

"Matar ban ce komai ba tukuna. Kalmomina fa? Ko tukunyar ba ka canja ba."

"Na gwada nawa, wallahi. Duk abin da na rubuta kamar tambayar jarrabawa yake fitowa. Naka sun yi kyau. Tun da ka karanta mini na san za su ci."

"Shi ya sa ka ce in bari."

"Shi ya sa."

"Ta san nawa ne?"

Chaibou ya ja numfashi. "Ta ce ba ta taɓa zaton ina da irin wannan bakin ba."

"Ba ka da shi."

"Na sani."

"Ta amsa?"

"An yi wa kawunta na Maraɗi waya."

Salisu ya kashe. Bai yi sallama ba, kuma wannan ne karo na farko cikin shekara ashirin da shida. Ya tsaya kaɗan yana jiran ya ji sanyi a ransa saboda haka, bai ji ba.

Da ya koma ciki Inès tana riƙe da 'yar na'urar a tafin hannu, fara, kamar murfin kwalba. Tun shigowarsu ya ce yana so, ta tuna. Ta nuna masa inda zai danna, ta ce daƙiƙa goma ne, ya matso da bakinsa. Takardar tana aljihunsa, yana jin gefenta a haƙarƙari. Yara biyu sun ɗaga kai suna kallonsa, bayansu wata mata da tagwaye tana jiran layi. Ya danna.

"Ni ne Baba," ya ce. Daƙiƙu suna tafiya, injin auduga yana gurnani. Ya ga maganar ba ta wadatar ba. "Na Paris."

Inès ta cusa ta a ciki, ta ja zaren baya ta ɗaure, ta ce très bien, wato madalla, irin yadda ake ce wa wanda aka cire wa haƙori. Aka je wajen takardar haihuwa, don a shagon nan har dabbar auduga ba ta fita sai da takardu. Ranar haihuwa, tsawo, nauyi, launin ido. Aka zo kan suna.

"Tonton," in ji Affan.

Wannan karon Salisu bai gyara ba. Inès ta buga, takarda ta fito da hatimi. Ya tuna shi sai da ya yi shekara bakwai yana bin layi kafin ƙasar nan ta ba shi takarda mai kyan wannan.

Ya saya musu gofar, wainar Nasara mai cakulan, suka ci, shi ya riƙe kwalin nunus mai siffar gida da 'yan tagogi. A ƙofar benensu Raihana ta rungume shi fiye da yadda ta saba, ta ce da Hausa, a hankali, tana zaɓen kalmomi, "Baba, ka yi fushi da mu?" Ya ce a'a. Hausar daidai take, babu abin gyarawa. Asansar ta rufe, yana jin muryarsa tana hawa sama daga cikin kwali, na Paris, na Paris, Affan ya gano wurin matsawa.

A jirgin ƙarfe biyar ya sami kujerar taga. Har suka wuce gonaki da shanu farare yana shirya shari'a a kansa, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Abokin shekara ashirin da shida. Yaran da ya koya wa magana. Hukunci ya fito tun kafin a yi rabin hanya: Sahadatou za ta san gaskiya. Za ta san wanda ya kwana huɗu a kan tukunyar nan, za ta san bakin da ya sa ta zauna a ƙasa. Kuma wannan karon ba aike, da hannunsa zai rubuta mata.

Ya ciro waya ya shiga neman sunanta a saƙonni. Ya wuce 'yan biro, ya wuce ƙungiyar 'yan Damagaram mazauna Faransa, ya wuce mai gyaran famfo, ya wuce likitan haƙori, yana ta ja da yatsa. Can ƙasa ya same ta. Saƙon ƙarshe nata ne, na wata goma sha huɗu da suka wuce: "Salisu, in kana da magana da ni, ka zo da kanka. Ina gida ranar Asabar."

A ƙarƙashinsa akwai amsar da ya tura mata a ranar, hoton babban yatsa a ɗage.